LIKITA, MALAMI, MINISTA, MAI WA'AZI: ABIN KOYI DAGA RAYUWAR FARFESA ISHAYA AUDU

Jawabin Baƙo Mai Jawabi a Bikin Cikar Ikilisiya Shekara 50



GABATARWA

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya kiyaye wannan ikilisiya har ta cika shekara 50. Da yawa daga cikin waɗanda suka kwaɓa ƙasar ginin farko sun riga mu gidan gaskiya, amma ga 'ya'yansu da jikokinsu sun cika majami'a har waje. Ina kuma gode wa kwamitin biki da ya ba ni wannan zarafi.

Littafin Firistoci sura 25 ya nuna mana cewa a Isra'ila shekara ta 50 lokaci ne na mayar wa kowa gonarsa ta gado, da sakin bayi, da barin ƙasa ta huta. Wato shekara ce ta lissafi. Saboda haka bikinmu ba zai tsaya ga anko da shinkafa da waƙoƙi ba. Dole mu tambayi kanmu: waɗanne irin mutane wannan ikilisiya za ta fitar cikin shekara 50 masu zuwa?

Akwai tambayoyi uku da ake yawan yi a tarurrukan dattawa da na matasa a wannan yanki namu na Kura da Bunkure. Ta farko, ina amfanin doguwar boko, tun da ga ruwa a kanal rani da damina, yaro zai iya samun kuɗi a gonar shinkafa tun yana ɗan shekara 15? Ta biyu, ya halatta mai bi ya shiga siyasa? Ta uku, yaya za mu zauna da 'yan'uwanmu Hausawa waɗanda muke yare ɗaya, kasuwa ɗaya, ruwa ɗaya, amma addini dabam? Maimakon in amsa da ra'ayina, zan kawo tarihin wani mutum wanda ya bi ta cikin dukan ukun da ƙafarsa, shi ne marigayi Farfesa Ishaya Sha'aibu Audu.

TUSHE: ISAWA, GIMI DA WUSASA

Labarinsa ya faro ne daga birnin Kano, tun kafin zuwan Turawa. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi an yi wani malami mai suna Malam Ibrahim, wanda ya duƙufa kan nazarin abin da littattafansa suka faɗa game da Annabi Isa, har ya tara almajirai. Koyarwarsa ta jawo saɓani da hukuma, aka kashe shi a kasuwar Kano wajen shekarar 1867. Almajiransa suka watse zuwa wajajen Ningi da gabashin ƙasar Zazzau. Su ne ake kira Isawa. Suka riƙe abin da malaminsu ya bar musu fiye da shekara 40, ba su da majami'a, ba su da Littafi Mai Tsarki.

A 1900 Bishop Tugwell na mishan ɗin CMS ya iso Kano da 'yan rakiyarsa, cikinsu har da wani saurayin likita, Dokta Walter Miller. Sarki Alu bai yarda su zauna ba, suka koma Girku a ƙasar Zazzau. A 1905 Dokta Miller ya sami wurin zama a birnin Zariya, ya buɗe ɗakin magani da makaranta. A 1913 waɗansu daga cikin Isawa suka zo wurinsa. Daga nan aka tara iyalansu a wani wuri mai suna Gimi, suka kafa ƙauyen masu bi, suna noma suna karatu. Amma ƙudan tsando ya yi yawa a wurin. Ciwon barci ya shiga garin, ya yi ta ɗauke manya da yara, cikin 'yan shekaru kaɗan Gimi ta zama kufai.

Duk wanda ya ga Gimi a lokacin zai ce aikin ya mutu. Sai dai yaran da suka tsira an kai su makaranta a Zariya, kuma a 1929 mishan ta tashi daga cikin birni ta koma Wusasa, inda aka gina majami'ar St. Bartholomew da makaranta da asibiti. Daga wannan ɗan ƙaramin gari aka sami Dokta R. A. B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, da Malam John Tafida wanda suka rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, da Janar Yakubu Gowon wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1966 zuwa 1975. A 1932 kuma aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, wanda Dokta Miller ya yi babban aiki a fassararsa.

Malam Bulus Audu yana cikin waɗannan Isawa da suka karɓi bishara. An haifi ɗansa Ishaya a Anchau ranar 1 ga Maris, 1927.

KARATU DA AIKIN LIKITA

Ishaya ya fara karatu a makarantar St. Bartholomew ta Wusasa. Daga nan ya tafi Babbar Kwalejin Yaba a Legas, sai Kwalejin Jami'a ta Ibadan, sa'an nan Landan a ƙasar Ingila, inda ya gama karatun likita a 1954. Ya ƙware a fannin lafiyar yara. Mu lura da wannan. Mutumin da ciwon barci ya yi wa mutanensa ɓarna a Gimi, shi ne ya ba da ƙuruciyarsa ga koyon yadda za a ceci ran yaro.

Da ya dawo gida ya yi aiki a asibitocin gwamnatin Jihar Arewa, har ya zama likitan Firimiya, Sir Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato. Ku tsaya ku auna wannan al'amari. Sardauna daga zuriyar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yake, kuma kowa ya san ƙwazonsa wajen yaɗa addinin Musulunci. Amma da ya zo ga wanda zai duba jikinsa, ya san sirrin lafiyarsa, ya ba shi magani ya sha ba tare da shakka ba, sai ya amince da ɗan Malam Bulus Audu. Shi kuwa Ishaya bai ɓoye sunansa ba, bai sake addininsa ba. Gwaninta da riƙon amana ne suka kai shi wurin. Daga baya ya koyar da ɗaliban likita a Jami'ar Legas.

A JAMI'AR AHMADU BELLO

An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru a watan Oktoba 1962, shugabanta na farko kuwa Bature ne, Sir Norman Alexander. A 1966 aka naɗa Dokta Ishaya Audu ya gaje shi, yana ɗan shekara 39. Shi ne ɗan ƙasa na farko da ya riƙe wannan kujera.

Dattawan da ke nan sun san wace irin shekara ce 1966. Ranar 15 ga Janairu aka kashe Sardauna da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa. A watan Mayu tarzoma ta tashi a garuruwan Arewa, a Yuli aka sake juyin mulki, daga 1967 zuwa Janairun 1970 kuma aka yi yaƙin basasa. A cikin wannan hali ya karɓi jami'a mai shekara 4 kacal, mafi yawan malamanta baƙi ne, 'yan Arewa masu takardar shiga jami'a kuwa ba su da yawa.

Ya riƙe ta shekara 9, har 1975. A zamaninsa aka fara koyar da aikin likita a 1967, aka kuma buɗe makarantar share fage a 1970 domin yaran Arewa da suka gama sakandare su sami tsanin hawa zuwa digiri. Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano a lokacin reshe ce ta wannan jami'a, ita ce ta zama Jami'ar Bayero a 1977. Ko a nan ƙofarmu akwai sawun Samaru, gama tashar binciken noman rani ta Kadawa tana ƙarƙashin Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello. Da yawa daga cikin ɗaliban da suka ci moriyar shugabancinsa Musulmi ne, shi kuwa ya ɗauke su 'ya'yansa.

A FAGEN SIYASA

Da sojoji suka shirya mayar da mulki ga farar hula a 1979, jam'iyyu biyar suka tsaya: NPN ta Alhaji Shehu Shagari, UPN ta Cif Obafemi Awolowo, NPP ta Dokta Nnamdi Azikiwe, GNPP ta Alhaji Waziri Ibrahim, da PRP ta Malam Aminu Kano, wadda ta ci Jihar Kano. Azikiwe ya ɗauki Farfesa Ishaya Audu mataimakinsa. Ba su ci ba, sun zo na uku. Amma NPN da NPP suka ƙulla yarjejeniyar aiki tare, ta haka ya zama Ministan Harkokin Waje daga 1979 zuwa 1983.

Yana kan wannan kujera Zimbabuwe ta sami 'yancin kai a watan Afrilu 1980, al'amarin da Nijeriya ta daɗe tana goyon baya. A watan Mayu 1981 aka kashe sojojin Nijeriya biyar a kan iyakarmu da Kamaru. Jama'a suka fusata, da yawa suna kiran a tafi yaƙi. Gwamnati ta bi hanyar magana, Kamaru ta nemi gafara ta biya diyya, ba a yi yaƙi ba. Iyaye nawa ne a ƙasashen biyu da 'ya'yansu suka tsira saboda an zauna an yi magana?

Ba zan ce muku siyasa ta bar shi da farar riga ba tabo ba. A 1981 yarjejeniyar jam'iyyun biyu ta wargaje, NPP ta ce ministocinta su sauka, shi kuwa ya ci gaba da aiki a gwamnatin Shagari. Waɗansu suka yaba, waɗansu suka zarge shi da son kujera. Ranar 31 ga Disamba 1983 sojoji suka kifar da gwamnati, aka tsare shi tare da 'yan siyasa da yawa, ya yi watanni a tsare kafin a sake shi. Wanda jiya ake buɗe masa ƙofar mota a manyan biranen duniya, yau sai an ba shi izini kafin ya ga iyalinsa.

KOMAWA SAMARU

Abin da mutum ya yi bayan an raba shi da kujera shi ke nuna ko wane ne shi. Farfesa ya koma Samaru, garin da ya yi mulkin jami'a, ya buɗe asibiti yana duba marasa lafiya da hannunsa, ya kuma kafa ikilisiya yana wa'azin bishara. A kan haka ya ƙarasa kwanakinsa. Ya rasu ranar 29 ga Agusta 2005, yana da shekara 78.

Kada wani ya ce haɗa aikin Allah da makaranta da gwamnati baƙon abu ne. A ƙasar Kanada an yi wani limamin Angilikan, Henry John Cody, wanda ya yi shekaru yana kiwon majami'ar St. Paul a birnin Toronto. Ya zama Ministan Ilimi na lardin Ontariyo daga 1918 zuwa 1919, ya kuma shugabanci Jami'ar Toronto daga 1932 zuwa 1945. Daga wannan birni na Toronto ne Rowland Bingham da Walter Gowans suka taso, suka sauka Legas a watan Disamba 1893 tare da Thomas Kent, aikin da ya haifi SIM, daga baya ECWA. Gowans ya rasu a Girku a 1894. Kafin su duka kuwa akwai Yusufu a fadar Fir'auna, da Daniyel a Babila, da Nehemiya mai shayar da sarkin Farisa.

DARUSSA A GARE MU

Na ɗaya, ilimi. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, albarka ce babba. Dā da an gama girbi sai cin rani, yanzu ga shinkafa, ga alkama, ga albasa, ga tumatir da manyan motoci ke lodi a Kwanar Gafan zuwa Kudu. Amma albarkar ta zo da jaraba. Lokacin dashen shinkafa da tsinkar tumatir, ku leƙa azuzuwa ku ƙirga kujerun da ba kowa. Uba yana ganin kuɗin ƙwadagon da ya tsira da shi yau, ba ya ganin abin da yaron ya rasa. Mu tuna 2016, da tsutsar nan ta cinye gonakin tumatir cikin 'yan makonni, mutane da yawa suka tashi da bashi. Mu tuna kuma gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki 12 ke jiran rabonsu a cikinta. Gona ba ta ƙaruwa, mu ne muke ƙaruwa. Noman ma yanzu yana bukatar wanda zai karanta takardar maganin feshi, ya san awon taki, ya yi lissafin riba da faɗuwa. Da Malam Bulus Audu ya riƙe ɗansa a gona, da Anchau ta sami ƙarin manomi ɗaya, Arewa kuwa ta yi asarar likita da shugaban jami'a. Wannan magana ta haɗa da 'ya'ya mata. Iyaye mata na Zumunta, ku ne kuka san yarinyar da ake shirin cirewa daga aji domin talla ko aure. Ku yi magana tun da wuri, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na biyu, siyasa. Masu cewa siyasa ƙazanta ce suna da hujja, mun ga yadda ta kai Farfesa gidan tsaro. Amma rabon taki, da gyaran hanya, da malamin da za a turo firamare, da maganin da za a kawo ɗakin shan magani, duk a teburin siyasa ake yanke su. In ba ka wurin, za a yanke ba da kai ba. Saboda haka kowane baligi ya mallaki katin zaɓe, wanda Allah ya ba baiwar shugabanci kuma ya fito, ko kansila ne, ko shugabancin ƙungiyar masu amfani da ruwa. Sai dai akwai sharuɗɗa. Ya shiga da sana'arsa a hannu, kamar yadda Farfesa ya shiga da likitancinsa, domin ranar da kujera ta tafi ya sami abin komawa. Kada ya mai da bagade dandalin kamfen. Mu kuma masu zaɓe kada mu sayar da shekara huɗu a kan taliya da sabulu da atamfa.

Na uku, zama da maƙwabta. Mu Hausawa ne, kakanninmu a ƙasar nan aka binne su. Ba mu da wani gari da za mu koma, maƙwabtanmu ma haka. Ruwan da ya taso daga Tiga ba ya tambayar gonar wa zai shiga. In kachala ta toshe kanal, gonar Musa da ta Bitrus tare za su bushe, kuma tare za su shiga ruwa su yanke ta. Mun san akwai wuraren da ake jin ciwo, kamar neman filin gina majami'a, ko gurbin karatu, ko aiki. Za mu nemi haƙƙinmu ta hanyar doka da ladabi, ba za mu yi shiru ba. Amma babbar shaidarmu ita ce hali. Idan mai bi ya cika kwandon tumatir, na ƙasa ya zama daidai da na sama. Idan ya auna shinkafa, kwanonsa ya zama na gaskiya. Idan gonarsa tana bakin kanal, kada ya tare ruwa da dare ya bar na ƙarshen layi da ƙishi. Abin da ya sa Sardauna ya miƙa wa Ishaya hannunsa a yi masa allura, shi ne zai sa maƙwabcinka ya ba ka ajiyar kuɗinsa.

Na huɗu, tawali'u. Kanal ba ya shan ruwan da yake ɗauka, kai wa gonaki yake yi. 'Ya'yan wannan ikilisiya da Allah ya ɗaukaka a Kano, da Kaduna, da Abuja, ina roƙonku ku riƙa waiwayen gida. Wanda ya yi minista bai ji kunyar duba yaro mai zazzaɓi a Samaru ba. Malamin asibiti ya ba mu yini ɗaya a wata. Malamin makaranta ya koyar da yaranmu lokacin hutu. Lauya ya duba mana takardun filin majami'a.

ROƘO GA IKILISIYA

Domin kada maganar ta tsaya a takarda, ina ba majalisar dattawa shawara a kafa asusun karatu na tunawa da wannan biki. Kowane gida mai noma ya kawo abin da ya iya a kowane girbi, na rani da na damina, ko kwano biyu ne, ko rabin buhu. Ma'aikata su kawo nasu a ƙarshen wata. A sa mutum uku su riƙe asusun, cikinsu har da mace ɗaya daga Zumunta, a kuma karanta lissafinsa a gaban jama'a sau biyu a shekara. A fara da marayu da 'ya'yan gwauraye, a biya musu kuɗin jarrabawar gama sakandare, domin a nan ne yawancin yaranmu suke tsayawa. Da yayyafi kogi kan cika.

KAMMALAWA

'Yan'uwa ƙaunatattu, Isawa sun jira fiye da shekara 40 kafin su ga Littafin da suke bege. Mutanen Gimi sun binne 'ya'yansu, ba su san cewa daga cikin sauran za a sami wanda zai tsaya da sunan Nijeriya a gaban al'umman duniya ba. Iyayen da suka kafa wannan ikilisiya su ma sun shuka abin da ba su ci ba. Yanzu iri yana hannunmu. Yaran da ke zaune a gaba a kan tabarma, waɗansunsu za su ga bikin shekara 100, kuma za su ba da labarin abin da muka yi musu.

Ina taya Fasto da dattawa da dukan ikilisiya murna. Ina gode wa iyayenmu sarakuna da maƙwabtanmu da suka zauna tare da mu tun safe. Allah ya ba mu damina mai albarka da rani mai albarka, ya ba Jihar Kano da Nijeriya zaman lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya. Alherin Ubangijinmu Yesu Almasihu ya kasance tare da ku duka. Amin.